Shekarar da Baba Ya Ba Masu Waya Arona

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, na sha jin kuna faɗa a tsakaninku cewa kakanku ya yi fushi da ni har ya koma ga Allah, wai don na bar ƙira na bi aikin gwamnati. Ban san wa ya fara ɗinka wannan zance ba, ban kuma ga laifin wanda ya ɗauka ba, tunda ni da na san yadda aka yi ban taɓa zama na warware muku ba. Yanzu da ƙafata ta daina hawa komai sai tabarma, bari in ba ku labarin shekarar nan yadda ta zo mini.

Gyaɗi-Gyaɗin da kuka sani, mai kwalta da shaguna, ba ita nake nufi ba. A lokacin 'yan gidaje ne na ƙasa a tsakiyar gonaki, can bayan birni. Idan dawa ta yi tsawo, mutum zai tashi daga ƙofar gidanmu har Tarauni bai ga komai ba sai ganye da sama. Maƙerar Baba rumfa ce a gindin wata ɗorawa, daf da ƙofar gida. Sunansa Malam Bawa, gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa, kuma ko ita ɗin rabinta da ƙarfe yake yi. Ni kaɗai ne namijin da ya rayu a 'ya'yansa, don haka tun ban iya ɗaura wando da kyau ba aka zaunar da ni gaban zugazugi. Har yau idan na lumshe ido ina jin numfashin fatar nan a ƙarƙashin tafina, da ƙamshin gawayin ƙirya, da tartsatsin da ke tashi ya mutu kafin ya kai rufin rumfa. Makarantar boko kuwa faɗo mini ta yi: an nemi yaro daga unguwarmu, mai unguwa ya nuna ni, Baba ya ce ba komai muddin la'asar za ta riƙa samuna a maƙera. Kowa a gidan, har da ni, mun ɗauka cewa ranar da na gama makarantar zan wanke hannu daga alli in koma gawayi gaba ɗaya.

A shekarar da zan gama, ana ta maganar mulkin kai a bakin manya, sai wata rana da bazara babbar mota ta tsaya a gefen hanyar Zariya ta zubar da dogayen turakun ƙarfe. Aka ce falwaya ce, za a ja wayar tarho daga birni zuwa kudu, kuma an yi su da ƙarfe ne saboda gara. Mutane suka fito kallo daga nesa. Baba kuwa sai ya ɗauki ƙaramar masabarsa ya nufi wurin, ni ina biye. Ya tsuguna gaban ɗaya ya ƙwanƙwasa ta a hankali, ya karkata kai yana sauraro har ƙarar ta ƙare a cikinta. Shugaban ma'aikatan ya matso yana dariya. Wani dogon dattijo ne mutumin kudu, Kirista, da ake kira Baba Bayo. Ya daɗe a Sabon Gari, Hausarsa ta nuna, sai ɗan lanƙwasa da take yi a ƙarshen magana.

“Malam, kada ka fasa mana kaya,” in ji shi.

“Wannan ba ya fashewa,” Baba ya ce, bai ko ɗago ba. “Wanda ya narka shi ya san wuta.”

Daga ranar suka zama abokan gaisuwa. Ni kuma daga ranar hankalina ya bar ƙasa. Na ga yadda aka kafa turakun a jere har suka shige cikin ƙurar nesa, aka ɗaura musu fararen kofunan tangaran a ka, aka ja waya ja wur kamar sabon kwabo. Da iskar farkon damina ta taso sai wayar ta fara waƙa. Idan zan tafi makaranta nakan manna kunnena a jikin falwaya in ji wani amo siriri da ba ya yankewa, in riƙa raya wa kaina cewa maganar mutane ce ke wucewa: wani a Zariya yana tambayar lafiyar uwarsa, wani a Ikko yana bayanin teku. Tsattsewa sukan jeru a kan wayar, ni kuwa ina mamakin ko suna jin zancen a tafin ƙafarsu. Sau da yawa da la'asar zuga takan tsaya a hannuna ban sani ba, sai Baba ya buga uwar maƙera sau ɗaya, in farka.

Ana saura kaɗan mu gama, hedimasta ya tara mu ya ce gwamnati ta ware kuɗi don samarin da suka fita daga makaranta su koyi sana'a a hannun gwanaye, saboda idan Turawa suka tafi a sami 'yan ƙasa da za su riƙe aiki. Akwai kafinta, akwai kanikanci, akwai aikin waya. Gwamnati za ta biya maigidan da ya koyar, ta ba yaro kaki da kayan aiki da abin cin abinci, idan ya ƙware kuma ta ɗauke shi. Sharaɗi biyu ne: uba ya amince da bakinsa a gaban dagaci, kuma yaro ya je duk inda aka tura shi. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

Inna na fara gaya wa. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ta saurare ni har na gama, rariya ba ta tsaya ba.

“Haruna, ka san abin da kake nema kuwa? Ba aiki kake nema ba, wutar gidan nan kake nema a kashe. Tun kakan ubanka ba ta kwana uku a mace ba.”

Ta karkaɗe hannu, ta dube ni sosai.

“Amma na ga yadda kake kallon abin nan. Ko nono ba ka kalla haka ba kana jariri. Je ka gaya masa da kanka, ni ba zan ɗaukar maka ba.”

Na gaya masa washegari yana tsakiyar fitar da ruwan fartanya. Ya ci gaba da duka har ƙarfen ya huce, ya tsoma shi a ruwa, ya ce in ƙara gawayi. Haka muka yi kwanaki. Ba ya fushi, ba ya hana ni abinci, maganar ce kawai ta shiga wuta ba ta fito ba. Har ƙanensa Baffa Sale ya ji labari ya zo daga Tarauni. Shi ma maƙeri ne, amma nasa aikin ƙanana ne, wuƙaƙe da allurar buhu da gyaran kwaɗo, domin babbar uwar maƙera ta gado tana wurin Baba. Baffa Sale mutum ne mai zafi da son dangi. Ya zauna a bakin rumfa ya yi ta faɗa: yau gwamnati ta ciyar da yaro, gobe ta jefa shi wata ƙasa inda ba mai yi masa sallama, kafaɗar Yaya ta fara ciwo kowa ya sani, manoman Daurawa da Unguwa Uku wa zai yi musu garma nan da shekara goma? Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya yi mini ciwo.

Abin da ya kwance maganar wani ƙarfe ne da ya karye. Wata safiya Baba Bayo ya zo da maƙalin da ke riƙe kofin tangaran, ya tsage gida biyu, ya ce kafin a kawo wani daga sito aiki zai tsaya. Baba ya haɗa masa shi, ni ina zuga. Baba Bayo ya zauna a kan turmi yana kallon hannuna, ba fuskata ba.

“Malam, na ji yaron nan ya ɗaga hannu a makaranta. Ni ban zo roƙo ba. Ni ma ubana masunci ne, kuma ban kama kifi ba tun ina kamarsa, na san abin da ke ranka. Amma idan ka ba ni shi, ba zan bar shi ya faɗo ba.”

Baba ya juya maƙalin a awartaki ya duba ɗinkin. Can ya ce a je wurin dagaci. A gaban dagaci da akawun da aka turo, aka tambaye shi ko ya amince. Ya ce:

“Na ba da aro. Ban bayar ba. Idan an yi girbi zan tambaye shi, abin da ya faɗa shi ke nan.”

Akawu ya ce ba a san aro a wannan tsari ba. Dagaci ya yi murmushi ya ce a rubuta ya amince, sauran tsakanin uba da ɗansa ne.

Damina ce da ban taɓa ganin irinta ba, ko kuwa ni ne ban taɓa ganin damina daga sama ba. Ranar da na fara hawa tsani, ina kaiwa sama na rungume falwaya gam. Baba Bayo ya ɗaura mini ɗamarar fata, ya zagaya ta bayan falwaya, ya ce in saki hannu biyu in jingina da iska. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to mu kwana a nan. Da na saki, ɗamarar ta riƙe ni, sai na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya. Shirwa ta wuce daidai kafaɗata, na ga bayanta, abin da ban taɓa tunanin ɗan Adam zai gani ba. Hadari yana haɗuwa a gabas, inuwarsa tana tafiya a kan gero kamar ana jan bargo. Baba Bayo ya koya mini yadda ake kankare waya har ta yi haske kafin a haɗa, da yadda ake murɗa ta da filaya ba a ji mata ciwo ba, da yadda ake sauka da zarar an ji tsawa ko da aiki saura ƙiris. Akwai wani ƙaramin tarho na gwaji a cikin jakar fata, mai 'yan baki biyu da ake maƙalawa a waya, a wana hannunsa a yi magana da wanda ke can wani wuri a kan layin. Shi ne ya fi komai daraja a kayanmu, kuma sai da na yi wata biyu kafin ya bar ni na taɓa shi.

Da yake Baba Bayo ba ya aiki ran Lahadi, coci yake zuwa, sai Lahadi ta zama ranar maƙera a wurina. In cire kaki in sa tsohuwar taguwata in zauna gaban zugazugi daga safe har yamma. A nan na fara ganin abin da tafiyata ke ci. Tulin fartanyoyin da ke jiran gyara ya fi na kullum tsawo. Baba yakan ɗaga masaba ya tsaya da ita a sama ɗan lokaci kafin ya sauke, fuskarsa ba ta nuna komai, amma jijiyar wuyansa tana nunawa. Na ga ƙunar tartsatsi a hannun Inna, na gane wa ke zuga sauran kwanakin, ko da yake ba wanda ya faɗa. Wasu manoman da suka gaji da jira suka fara wucewa Tarauni da kayansu, suna sunkuyar da kai idan sun zo daidai ɗorawarmu. Sannan layi ya yi nisa. Aka kwashe mu zuwa kudu, muka kafa bukkoki a bakin wani rafi, tafiyar yini da ɗoriya daga gida, Lahadin ma ta fita daga hannuna.

A can kaka ta same ni. Na ga an karya gero, an yanke dawa, gonaki sun buɗe, na san wa'adi ya yi. Barci ya rage mini. Wata rana Baba Bayo ya ce zai shiga Kano karɓo kaya, ya miƙo mini jakar fatar nan, ya ce shi zai ari wata a ofis.

“Jibi bayan la'asar ka hau falwayar da ke kusa da tsamiya, ka maƙala, ka jira. Za mu gwada layi.”

Na hau a ranar, na maƙala, na jingina a ɗamara. Rana ta yi laushi, garken shanu na ƙetare rafi a ƙasana, wani makiyayi yana busa sarewar kara. Na daɗe ba na jin komai a kunne sai wannan shuuu na waya. Sai tarhon ya yi ƙara, na ji Baba Bayo yana tambaya ko ina jinsa. Na ce ras. Ya ce to riƙe, ga wani. Daga baya Inna ta ba ni labarin abin da ya faru a can ɗaya gefen: a falwayar bakin hanyarmu ya maƙala, ya sauko da igiyar har ƙasa, ya je da kansa ya kira Baba daga maƙera. Baba ya wanke hannu, ya sa hula, ya cire takalmi kafin ya karɓa, rabin unguwa na tsaye suna kallo.

“Salamu alaikum,” na ji an ce, da ƙarfi, kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi.

“Wa alaikumus salam. Baba, ni ne. Ina wuni?”

Shiru. Na ɗauka waya ta katse, har na kai hannu zan duba maƙalin. Sai na ji numfashinsa.

“Sake magana.”

“Baba, Haruna ne. Ina jinka.”

“Ikon Allah,” ya ce, a hankali yanzu. “Muryar mahaifina ce. Wallahi muryarsa ce sak, lokacin da nake yaro yana kirana daga gona.”

Ban taɓa ganin kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Ina rataye tsakanin sama da ƙasa, muryar ubana a cikin kunnena kusa fiye da yadda ta taɓa zuwa muna zaune a rumfa ɗaya. Ya tambaye ni ko ina cin abinci, ko ina salla a kan lokaci, ko akwai sauro. Sannan ya ce an yi girbi.

“Za ka dawo maƙera?”

“Baba, ina kewarku. Na san kafaɗarka, na ga hannun Inna...”

“Ba shi na tambaye ka ba.”

Wataƙila da a gabansa nake, ina ganin furfurarsa da tulin fartanyoyin nan, da na ce zan dawo, kuma da na dawo ɗin. Amma ba a iya yi wa murya tsirara kara. Na rufe ido na ce:

“A'a, Baba. Nan zuciyata take.”

Wayar ta yi ta shuuu tsakaninmu. Shanun sun gama ƙetarewa.

“To, na ji,” ya ce. “Aro ya zama kyauta. Allah ya yi maka albarka. Ka riƙe da kyau, kada ka faɗo.”

Sai na ji yana tambayar Baba Bayo, can nesa da bakin tarhon, yadda ake yi wa abin nan sallama idan an gama.

Ban samu zuwa gida ba sai bayan wata biyu, da aka ba mu hutu aka dawo da mu birni da kayan aikinmu. Na iso da rana tsaka. Ɗorawa na nan, rumfa na nan, amma an share ta tas, kaji na birgima a inda murhu yake. A tsakiya akwai rami inda uwar maƙera ta zauna tun kafin a haifi Baba. Inna ta ce mako guda bayan maganarmu ya tone ta da hannunsa, ya ɗora wa jaki tare da zugazugi da manyan masabu, ya kai wa Baffa Sale har Tarauni. Baffa Sale ya ƙi karɓa, ya yi kuka, ya ce a jira ko yaron zai sake tunani. Baba ya ce masa yaron ya riga ya yi tunani, kuma ƙarfe ba ya son jira. Ya kafa masa ita da kansa, ya hura wutar farko, ya dawo gida a ƙasa yana jan jakin. Tun daga ranar gona kawai yake zuwa. Na tsaya a bakin ramin nan har Inna ta gaji ta janye ni. Baba kuwa da ya dawo ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu, ya shafa kakina ya ce yadin yana da ƙwari.

Washegari da sassafe, bayan mun dawo daga masallaci, ya ce in je in aro tsani wurin ma'aikatanmu da suka ajiye kaya a gidan mai unguwa. Ya ce kowa a unguwa ya ce ya taɓa ganina a sama, shi kaɗai ne bai gani ba. Muka tafi bakin hanya, sanyin hunturu na cizon mu a ƙafa. Na jingina tsanin, ya kama shi da hannu biyu, ya sa ƙafa ya danne matakin ƙasa. Na hau, na ɗaura ɗamara, na saki hannu don ya gani. Ya ɗaga kai yana kallona, hularsa har tana neman faɗuwa.

“Me kake hangowa daga nan?”

Na ce ina ganin ganuwa, da Dala, da hasumiyoyin masallacin birni rana ta fara taɓa su.

“Ta wajen Tarauni fa?”

Na juya. Gonaki fayau, an kwashe amfani, sai kukoki tsaye ɗai-ɗai. Can a tsakanin rufin gidaje wani siririn hayaƙi ya fara tashi, miƙe sak, don ba iska.

“Akwai hayaƙi, Baba. Daidai gidan Baffa. Yanzu ya fara.”

Ya juya yana kallon wajen, ko da yake daga ƙasa ba abin da zai gani sai tarin karan dawa.

“Ya makara,” ya ce. “Da ni ne, da yanzu ƙarfe ya yi ja.” Ya gyara tsayuwa. “Sauko a hankali. Uwarka ta dama kunu.”

Na kwance ɗamara na fara saukowa. Bai saki tsanin ba sai da ƙafata ta taɓa ƙasa.